AN SAYAR MUSU DA KWALBA, YANZU KUMA ANA SAYAR MUSU DA SANDA

A ƙasar Amurka, inda giya ke kashe mutum wajen dubu 178 a kowace shekara bisa lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar na shekarun 2020 da 2021, wata sana'a ta kunno kai da sunan sabon magani. Kayan aikinta 'yar siririyar sanda ce mai kama da eriyar rediyo. Mai magani zai zaunar da mara lafiya, ya ce masa ya tuno abin da ke ci masa rai, sannan ya dinga jan sandar nan sannu a hankali a gaban fuskarsa, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, har sai ya ga idon ya ƙifta, ko ya yi rawa, ko numfashi ya sauya. Daga nan sai ya tsaya cak, ya ce an zo wurin. Mara lafiya ya kafe idonsa a kan bakin sandar na tsawon mintuna masu yawa, wani lokaci da wani sauti a kunne mai kaiwa da komowa tsakanin dama da hagu. Wai ta haka ne za a tono ciwon da ke binne a can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fargaba ta tafi, ƙishirwar kwalba ta mutu.

Sunan da suka raɗa wa abin shi ne Brainspotting, ma'ana gano gurbi a ƙwaƙwalwa. Da Hausa sai a ce maganin kafe ido. Gidajen jinyar mashaya da dama a Amurka sun sa shi a jerin abin da suke talla, kuma tallar ba ta tsaya a can ba, domin wayar da ke aljihun kowane saurayi a yau ba ta san kan iyaka ba. Matashin da fargaba ta hana shi barci, ko wanda yayansa ya faɗa hannun barasa gida ya rasa yadda zai yi, zai iya cin karo da ita cikin dare, ya ga mutane fes-fes suna share hawaye suna cewa sun warke. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. To kafin a kama, wajibi ne a duba ko igiya ce aka miƙo ko kaifi.

DAGA INA SANDAR TA FITO?

Tushen labarin na komawa ga wata Ba'amurkiya mai suna Francine Shapiro. A shekarar 1987, kamar yadda ita da kanta ta bayar da labari, tana tafiya a wani lambun shaƙatawa sai ta lura cewa munanan tunanin da ke damunta suna raguwa idan idanunta suna kaiwa da komowa da sauri. Ta gwada a kan wasu, a 1989 ta buga sakamakon gwaji a kan mutum 22, ta kafa hanyar da duniya ta sani da EMDR, inda mara lafiya ke bin yatsun mai magani da ido dama da hagu yana tuna bala'in da ya same shi.

Cikin waɗanda suka koyi wannan hanya akwai wani mai ba da shawara a birnin Niyok, David Grand. A shekarar 2003 yana aiki da wata yarinya 'yar shekara 16 mai wasan zamiya a kan ƙanƙara, wadda wani tsalle guda ya gagare ta. Yana jan yatsansa a gaban idonta sai ya ga idon ya yi rawa ya tsaya a wuri ɗaya, shi ma sai ya tsayar da hannunsa. Yarinya ta shiga amayar da tsofaffin abubuwan baƙin ciki, washegari kuma ta buga waya ta ce tsallen ya yiwu. Daga wannan zama guda, da yarinya guda, aka gina ɗariƙa sukutum mai taken cewa inda mutum ya kalla yana shafar abin da yake ji a ransa. A 2013 Grand ya fitar da littafi a kai, aka tsara darussa hawa-hawa na kuɗi, matakin farko kwana uku kacal.

Mai karatu ya lura da kyau. Ba a ɗakin bincike aka gano wannan gurbi na ƙwaƙwalwa ba, ba kuma na'urar ɗaukar hoton kai ce ta nuna shi ba. Bayanin da ake ta yayatawa, cewa matsayin ido yana buɗe ƙofa zuwa tsakiyar ƙwaƙwalwa inda firgici ke kwance, an buga shi ne a 2013 a wata mujalla mai suna Medical Hypotheses, wadda sunanta kansa yake nufin hasashen likitanci, kuma Grand na ɗaya daga cikin marubutan biyu. Hasashe ba laifi ba ne a fagen ilimi, da shi ake fara kowane bincike. Laifin shi ne a ɗauki hasashe a sa masa farar riga, a kai shi kasuwa, a karɓi kuɗin mai ciwo a kansa.

INA HUJJA?

Akwai sananniyar hanyar da ake bi a tabbatar da magani, kuma ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Fiye da shekara dubu da suka wuce, likitan nan Abubakar ar-Razi ya rubuta yadda ya yi wa wani rukuni na marasa lafiya tsaga ya fitar da jini, ya ƙyale wani rukunin da gangan, domin ya kwatanta ya ga bambanci. A yau abin ya ƙara tsauri. Ana tara mutane masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba gida ɗaya maganin da ake gwadawa, ɗayan kuma a ba shi wani abu mai kama da shi, a bi su watanni ko shekaru, sannan wanda ba shi da riba a cikin lamarin ya ƙirga sakamako.

To me maganin kafe ido ya kawo a wannan ma'auni bayan sama da shekara ashirin? Binciken da aka fi ɗagawa shi ne na 2017, a kan mutum 76 masu fama da firgicin da ke biyo bayan bala'i. Ba a raba su da ƙuri'a ba, ba a ajiye rukunin da ba a yi wa komai ba, kuma mai hajar, wato Grand, yana cikin marubutan. Wani kuma an yi shi a Italiya aka buga a 2022, a kan mutum 40, su ma likitoci ne da masana halayyar ɗan Adam, ba majinyata ba, kuma zama ɗaya na minti 40 aka gwada a kan kowace hanya. Sauran abin da ake nunawa ƙananan gwaje-gwaje ne da labaran wane ya ce, wance ta ce. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, da hukumar da ke tantance magani ta Ingila, da ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka, babu ɗaya da ta sa shi a jerin hanyoyin da take ba da shawarar a bi, ko don firgici, ko don fargaba, balle don barasa.

A nan ne masu talla ke yin wani wayo. Sai su laɓe a bayan EMDR, su ce ai 'yan gida ɗaya ne. Gaskiya ne EMDR ta sha gwaji, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013 don firgicin bayan bala'i, kuma ba daidai ba ne a musanta haka. To amma ko a kanta malaman fannin sun daɗe suna jayayya kan ko motsin idon ne ke aiki, ko kuwa fuskantar mummunan tunanin ne a gaban mai saurare. Wani nazari na 2001 da ya tattara bincike 34 bai ga abin da motsin ido ya ƙara ba, wani na 2013 kuma ya ce yana ƙarawa. Masu cewa yana ƙarawa, musamman masu bincike a ƙasar Holan, bayaninsu shi ne motsin yana shagaltar da hankali har hoton bala'in ya dusashe, kamar yadda ƙirga lamba ma kan yi. Ke nan duk wata hujja da ke akwai a kan ido mai motsi take. Shi kuwa Grand motsin ne ya tsayar! Ta yaya wanda ya cire injin mota zai nuna takardar lafiyar motar maƙwabcinsa ya ce a hau tasa?

Sannan ga wadda ta fi duka. Ita kanta EMDR an gwada ta a kan mashaya giya a Holan, da ƙuri'a, a kan mutum 109, aka buga sakamako a 2020. An ƙara ta a kan jinyar da aka saba yi, aka kwatanta da waɗanda aka yi wa jinyar kawai. Ba a ga wani ƙarin amfani ba. Idan uwa mai ƙarfi ta kasa ɗaga wannan kaya, ina ga 'yar da ba a taɓa ɗora mata shi a gaban shaidu ba?

BA YAU AKA FARA BA

Tarihin Turawan kansu cike yake da irin wannan sanda. A birnin Faris, wani likita mai suna Franz Mesmer ya tara manyan gari a gefen wani baho mai sandunan ƙarfe, yana cewa akwai wani ɓoyayyen maganaɗisu a jikin mutum da yake sarrafawa. Mutane suna suma, suna kuka, suna tashi suna cewa sun warke. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamiti, cikinsa har da Benjamin Franklin da masanin sinadarai Lavoisier. Suka sa almajirin Mesmer ya sa wa bishiya ɗaya maganaɗisun, suka rufe wa wani yaro ɗan shekara 12 ido, suka kai shi gindin wasu bishiyoyin da ba a taɓa ba. Yaro ya faɗi sumamme a gindin wadda babu komai a jikinta. Kwamiti ya yanke cewa zato ne ke aiki.

A Amurka kuma, a 1796, wani likita Elisha Perkins ya yi rajistar wasu ƙananan sandunan ƙarfe guda biyu, ya ce suna zuƙe ciwo idan aka shafa su a jiki, ana sayar da su da tsadar gaske har Ingila. A 1799 wani likita a garin Bath, John Haygarth, ya sassaƙa irinsu da katako ya shafa musu fenti, ya gwada a kan mutum biyar masu ciwon gaɓɓai. Huɗu suka ce sun ji sauƙi. Washegari ya sa na ƙarfen, sakamako bai bambanta ba. Shi Perkins a wannan shekarar ya mutu da cutar shawara a Niyok, inda ya je gwada wani maganin nasa.

Ba don ba'a aka kawo waɗannan ba. A 1999 wani shehin malami a Jami'ar Harbad, Richard McNally, ya rubuta maƙala guda yana kwatanta yadda EMDR ta yaɗu da yadda harkar Mesmer ta yaɗu. A 2003 kuma, shekarar da aka haifi maganin kafe ido, wasu masana biyu, Gerald Rosen da Gerald Davison, suka buga misalin da ya shahara. Suka ce a ɗauka wani ya samu mai tsoron tuƙin mota, ya koya masa tuƙi sannu-sannu kamar yadda aka saba har tsoron ya tafi, amma ya sa shi ya ɗora wata hula mai launin shunayya mai maganaɗisu a ka. Mutum ya warke, sai mai magani ya ce hular ce, ya buɗe makarantar koyar da sa hula, ya dinga sayar da takardar shaida. Wannan shi ne ainihin tambayar da masu sanda suka kasa amsawa: a cire sandar, ko a tsayar da ita a kowane wuri aka ga dama, me zai ragu?

TO ME YA SA WASU KE CEWA SUN JI SAUƘI?

Wani zai ce, to duk waɗannan masu kuka a gaban kyamara ƙarya suke yi? A'a, akasarinsu gaskiyar abin da suka ji suke faɗa. Mutumin da ya shekara goma yana haɗiye baƙin ciki, babu mai tambayarsa, ya samu wanda ya zauna da shi awa guda cur ba ya katse shi, ba ya zaginsa, dole ya ji nauyi ya ragu. Wanda ya saba gudun wani tunani, ya tsaya ya fuskance shi har zafinsa ya lafa, wannan ma tsohuwar hanya ce da aka tabbatar tun kafin a ƙera sanda. Ga kuma sa rai, wanda shi kaɗai ya isa ya sa katakon Haygarth ya yi aiki. Ga shi kuma ɗan Adam ba ya neman magani sai ciwo ya kai maƙura, daga maƙura kuwa sau da yawa sauƙi ke biyowa ko an yi magani ko ba a yi ba.

Ban da haka, wa ake nunawa a talla? Wanda ya ji daɗi a makon farko. Wanda ya koma kwalba bayan wata uku ba a gayyatarsa gaban kyamara. Wanda aka tono masa tsohon miki a hannun mai horon kwana uku, ya koma gida da ciwo a buɗe, ya nemi abin da ya saba kashe zafi da shi, shi ma ba a jin labarinsa. A harkar barasa, jin sanyi a zuciya bayan zama ɗaya ba shi ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne bayan shekara guda mutum nawa ne ba su koma ba, kuma masu sanda ba su kawo wannan lissafi ba.

KASUWAR KWALBA DA KASUWAR MAGANI

Abin da ya sa irin wannan haja ke samun kasuwa shi ne girman bala'in. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan biyu daga ciki maza ne. Mutum miliyan 400 ke fama da matsalar sha, miliyan 209 daga cikinsu jikinsu ya riga ya kamu. Masu ciwon fargaba kuwa a wannan shekarar sun kai miliyan 301. Tun 1988 cibiyar binciken kansa ta duniya ta sa giya a sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa, a Janairun 2025 kuma babban jami'in lafiya na Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a rubuta gargaɗin kansa a jikin kwalabe.

Duk da haka, a ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka na 2024, talla ta daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 7, kuma kamfanonin giya na cikin manyan masu saye. A 2018 sai da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta dakatar da wani bincike na dala miliyan 100 kan amfanin shan giya kaɗan-kaɗan, bayan ta bayyana cewa kamfanonin giya ne ke zuba mafi yawan kuɗin, kuma jami'an gwamnati ne suka je roƙonsu. Tsarin jari-hujja ke nan: a ci riba wajen jefa mutum rami, a sake cin riba wajen sayar masa da tsani. A jihar Fulorida har dillalan mashaya aka samu, masu kai majinyaci gidan jinya a ba su la'ada, in ya fita ya koma sha su sake kai shi wani gidan, saboda kuɗin inshora. Abin ya yi ƙamari har kamfanin Google ya taƙaita tallar gidajen jinya a 2017, majalisar ƙasar kuma ta yi dokar hana wannan dillanci a 2018.

Ba ana cewa duk mai riƙe sanda ɗan damfara ba ne. Da yawansu sun yi imani da abin da suke yi, kamar yadda Perkins ya yi imani har ya mutu a kai. To amma a kasuwar da gidan jinya ke neman abin da zai bambanta shi da na kusa da shi, sabon suna mai ƙamshin kimiyyar ƙwaƙwalwa ya fi tsohuwar ƙwaya mai arha jan masu kuɗi. Sakamakon shi ne, a ƙasar da ake ta yayata sabbin dabaru, masu matsalar giya da ke samun kowace irin jinya a shekara ba su kai ɗaya cikin goma ba, masu samun magungunan da aka tabbatar kuwa wajen biyu ne cikin ɗari.

INDA RAI KE CIKIN HAƊARI

A nan ne gizo ke saƙar, kuma duk ɗan'uwan da ke da mashayi a gida ya riƙe wannan ko da ya manta sauran. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta ƙara wuta don ta daidaita. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, aka yanke masa rana ɗaya, dannewar ta tafi, wutar na nan. Cikin awa shida zuwa kwana biyu sai karkarwa, gumi, amai, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa, zazzaɓi, gane-gane da bugun zuciya, kuma wannan hali yana kisa idan ba a kai asibiti ba. Likita ne ke da maganin da zai saukar da jiki a hankali, shi ne kuma zai ba da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa daga lalacewar da ba ta gyaruwa. Babu kusurwar da mutum zai kafe wa ido ta hana shi jijjiga.

Wannan wutar ita ce kuma ke bayyana alaƙar giya da fargaba. Mai fargaba ya sha don ya samu natsuwa, da safe fargabar ta dawo ninki, ya sake sha don ya kashe ta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ya sa da yawa fargabarsu kan ragu da kanta bayan 'yan makonni da daina sha, wanda tasa ta zauna kuma akwai jinyarta.

Hanyoyin da aka gwada ba ɓoyayyu ba ne. A Amurka an amince da ƙwayoyi uku don barasa: disulfiram tun 1951, mai sa jiki ya ƙi giya, naltrexone a 1994, mai rage daɗin da ake ji da kwaɗayin, da acamprosate a 2004. Akwai jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda aka gwada a kan dubban masu fargaba. An yi gwaji a kan mashaya 1,726 da aka buga a 1997, an yi wani a kan 1,383 da aka buga a 2006. Sannan a 2020 wani babban nazari ya tattara bincike 27 a kan mutum 10,565, ya gano cewa shigar da mashayi cikin ƙungiyar tubabbun mashaya, irin wadda aka kafa a jihar Ohayo a 1935, tana kai wa ga daina sha gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin ko ma fiye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke warkar da kowa, kuma ba su yi wannan da'awar ba. Mai karatu dai ya ɗora 10,565 a hannun dama, ya ɗora 76 a hannun hagu, ya ji wanne ya fi nauyi.

KADA A YI WA NA WAJE DARIYA A MANTA NA GIDA

Zai zama rashin adalci a zargi Ba'amurke da sayar da sanda, a yi shiru kan masu sayar da mari. Ƙuncin da ke kai uwa a Kalifoniya ga mai kafe ido, shi ne ke kai uwa a Arewa ga mai sarƙa. Binciken da aka gudanar a Nijeriya a 2018 da hannun Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ban da giya da taba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, jiki duk tabon bulala, kuma iyayensu ne suka kai su da kuɗinsu don a gyara musu hali. Tambayar da ake wa mai sanda ita ce ake wa mai mari: mutum nawa ka karɓa, nawa suka warke, nawa suka mutu, wa ya ƙirga? Kulle wanda jikinsa ya kamu da giya a ɗaki ba likita, daidai yake da ɗaure shi a bakin kabari.

Haramcin giya a Musulunci ba abin tattaunawa ba ne. To amma addinin da ya haramta ta ya san yadda take kama mutum, shi ya sa hukuncin ya sauko hawa-hawa, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i, kafin a rufe ƙofar gaba ɗaya a Ma'ida. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa akwai sahabin da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda sha, da wani ya la'ance shi sai Manzon Allah (S) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Malaman farko ma ba su ɗauki fargaba a matsayin raunin imani kawai ba. Abu Zaidu al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi guda kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin ciwo mai magani, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida.

Saboda haka aikin da ke kan matasa a bayyane yake. Wanda ya ga ɗan'uwa ya faɗa, kada ya tona masa asiri a majalisa, kada kuma ya yanke gaisuwa da shi. Ya kama hannunsa zuwa wurin likita kafin a ce ya daina, ko a babban asibitin gari, ko a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Bayan asibiti sai babban aiki: a raba shi da tsohuwar majalisa, a sama masa sana'a, a samu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba, a samu mai zama ya saurare shi ba tare da gori ba. In ya zame ya koma, a sake ɗago shi. Abin da binciken mutum dubu goma ya nuna ke nan, cewa jama'a tana riƙe mutum, kuma wannan ba a sayar da shi da dala.

Duk wanda kuma ya zo da sabon magani, Bature ne ko Bahaushe, da sanda ya zo ko da ƙullin gari, a tare shi da tambayoyi huɗu: a kan mutum nawa aka gwada, da me aka kwatanta, wata nawa aka bi su, kuma wa ya ƙirga, mai hajar ne ko wani? In ya amsa, a saurare shi. In ya koma ba da labarin wata yarinya mai wasan ƙanƙara, a ba shi hanya ya wuce. Idan wata rana masu kafe ido suka kawo gwaji na gaskiya ya nuna sandar na aiki, hujja abar bi ce ko daga ina ta fito. Kafin wannan rana, ran ɗan'uwa ya fi ƙarfin a yi gwaji da shi.

Allah ya yaye wa duk wanda aka jarraba, ya ba iyayensu haƙuri, ya kare matasa daga kwalba da masu cin kasuwa a bakinta. Wassalam.